Nauyin Tsaro da Wuyan da Yake Kansa: Daga Tarukan NATO Zuwa Gonakin Matazu

Duk ƙawancen soja da aka taɓa ƙullawa, tsakanin ƙasashe ne ko tsakanin garuruwa, yakan zo da rigimarsa tun ranar da aka sa masa hannu, wato rigimar wanda zai biya da kuma abin da za a lissafa a matsayin biya. Abokan ƙawance sukan yarda cikin sauƙi cewa maƙiyinsu ɗaya ne, amma da zarar an zo kan albashin soja da man motoci da harsashi da diyyar waɗanda suka kwanta dama, sai kowa ya koma duban aljihun ɗan'uwansa. Wannan rigima ce ta cika tarukan ƙungiyar tsaro ta NATO shekara da shekaru, ita ce ta raunana rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, kuma ita ce, a wata siffa da ba a cika ambata ba, take yanke wa manomin Matazu da Musawa da Malumfashi a kudancin jihar Katsina hukuncin ko zai shiga gonarsa da damina ko zai bar ta ga ciyawa.

Ƙasashen Yamma sun daɗe da mayar da wannan muhawara lissafi. NATO, wadda aka kafa a 1949 bisa sharaɗin cewa hari a kan ɗaya daga cikin mambobinta hari ne a kan dukkansu, tana auna himmar kowace ƙasa da kason da take kashewa kan soja daga cikin jimillar arzikin da take samarwa a shekara, wato darajar dukkan kayayyaki da ayyukan da mutanenta suka samar. A taron Wales na 2014, bayan Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya, mambobin suka yi alkawarin kai wannan kaso kashi 2 cikin ɗari a cikin shekara goma, alhali a lokacin ƙasashe uku ne kacal suka cika shi, Amurka da Birtaniya da Girka. Sai da yaƙin Yukiren ya ɓarke gadan-gadan a 2022 sannan mafi yawansu suka motsa, har a 2024 aka ƙiyasta 23 daga cikin 32 sun kai ga mizanin. A watan Yunin 2025 kuma, a birnin Hague na ƙasar Holan, bisa matsin lambar Shugaba Donald Trump, aka ɗaga buri zuwa kashi 5 cikin ɗari nan da 2035, inda kashi 3.5 zai tafi ga soja da makamai kai tsaye, kashi 1.5 kuma ga abubuwan da yaƙi ke jingina da su, irin hanyoyi da gadoji da kariyar hanyoyin sadarwa. Firaministan Sifaniya, Pedro Sánchez, ya fito fili ya ce kashi 2.1 ya ishi ƙasarsa.

Masana tattalin arziki biyu, Mancur Olson da Richard Zeckhauser, sun yi bayanin dalilin irin wannan jan ƙafa tun a 1966. A ganinsu tsaro amfani ne na gama-gari, wanda idan ya samu ba a iya hana wanda bai biya ba cin moriyarsa, kamar dai rijiyar unguwa, da wanda ya yi haƙa da wanda ya tsaya kallo duk za su ɗebi ruwanta. Saboda haka babban abokin ƙawance, wanda ya fi kowa asara idan tsaron ya rushe, shi zai ƙare da ɗaukar fiye da rabonsa, ƙanana kuma su samu damar zama ci-ma-zaune. Alƙaluma sun gaskata wani ɓangare na wannan, domin kusan kashi biyu cikin uku na abin da ƙasashen NATO ke kashewa kan soja daga baitulmalin Amurka yake fitowa. Amma akwai abin da ka'idar ba ta kama ba. Ƙasar da ta ware kaso mafi girma a 2024 ita ce Foland, da fiye da kashi 4, sai Estoniya, wadda mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, dukkansu kuma suna da iyaka da Rasha, ita kuwa Sifaniya da ke can ƙarshen yammacin nahiyar tana ƙasan jerin. Ashe kusanci da wuta ya fi girman aljihu tasiri. Kuma wanda ke kusa da wutar ba kuɗi kaɗai yake biya ba, yana biya da jinin 'ya'yansa da kuma ƙasarsa da za ta zama fagen fama, abubuwa biyu da babu gurbinsu a lissafin kashi cikin ɗari.

Ƙasar Hausa ta san wannan tun kafin a san kasafin kuɗi. Labarin gargajiya na Hausa Bakwai, ko da yake masana tarihi ba su ɗauke shi rahoton abin da ya faru ba, ya raba wa garuruwan aiki ta yadda Kano da Rano ke da baba da rini, Katsina da Daura ke da kasuwa, Zazzau ke samar da bayi, Gobir kuma aka ba ta sarautar yaƙi domin ita ce a bakin iyakar arewa inda hari ke fitowa. Abin lura shi ne masu labarin sun ɗauki tsayuwa a bakin daga gudummawa ce cikakkiya, daidai da dukiyar mai kasuwa. Daular Sakkwato ta mayar da wannan fahimta tsarin mulki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya kafa garuruwan ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa da ake zaunar da mayaƙa da iyalansu a kan iyaka, shi kansa ya tare a Wurno, sarakunan masarautu kuma suna aika gaisuwa da dawaki da dakaru idan an yi kiran yaƙi. Duk da haka, a ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Maraɗi ke ratso Dajin Rugu suna kai hari cikin ƙasar Katsina har zuwa ta Kano, garuruwan da ke bakin dajin ne suka ɗanɗana kuɗarsu kafin ɗauki ya iso daga birni. Dajin nan shi ne dai yau ya zama ɗaya daga cikin manyan mafakar 'yan bindiga.

A zamanin da ake ciki, Najeriya ce ta tsinci kanta a matsayin babban abokin ƙawance a Yammacin Afirka, kuma ta biya farashin girman. Lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta tura rundunar ECOMOG Laberiya a watan Agustan 1990, ƙasashe biyar ne suka ba da dakaru, Najeriya da Ghana da Gini da Saliyo da Gambiya, kwamandan farko ma ɗan Ghana ne, Janar Arnold Quainoo, amma kafin shekara ta ƙare ragamar ta koma hannun Janar Joshua Dogonyaro, kuma daga nan har aka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a 1998, mafi yawan sojoji da jiragen ruwa da jiragen sama da kuɗin gudanarwa na Najeriya ne. Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta bayyana a 1999 cewa ƙasar ta kashe kimanin dala biliyan 8 a yaƙoƙin biyu, ban da ɗaruruwan sojojin da ba su dawo ba. Gwamnatocin soja ne suka kashe kuɗin ba tare da majalisa ta tambaye su ba, kuma da farar hula suka karɓi mulki sai nauyin ya gagari ɗauka, aka matsa har Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa tata rundunar a Saliyo a watan Oktoban 1999. Ƙorafin Abuja na wancan lokaci da ƙorafin Washington na yau uwarsu ɗaya.

Tafkin Chadi ne ya nuna ɗaya fuskar al'amarin. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin, wadda aka sake wa fasali a 2015 bayan Boko Haram ta mamaye hedikwatarta a Baga a watan Janairun shekarar, ta haɗa Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, aka mayar da hedikwatar Injamena, aka bar wa Najeriya kujerar kwamanda, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin dala miliyan 100, Tarayyar Turai kuma ta ware yuro miliyan 50 ta hannun Tarayyar Afirka. A takarda Najeriya ce uwa-uba. Amma a ranar 23 ga Maris 2020 aka kashe wa Chadi sojoji kusan 100 a hari guda a Bohoma, Shugaba Idriss Déby ya sa kakin soja ya je bakin tafkin ya jagoranci ramuwar gayya da kansa, ya kuma yi kukan cewa an bar ƙasarsa ita kaɗai da nauyin yaƙin. Ɗansa Mahamat Déby ya maimaita kukan a watan Nuwamban 2024, har da barazanar ficewa, bayan an kashe masa sojoji kimanin 40 a Barkaram. Ana iya yi wa shugabannin biyu zargin neman tallafin waje da wannan kuka, kuma zargin ba zai rasa tushe ba, amma gawarwakin na gaske ne. Mai ba da dala yana ganin shi ya fi kowa ɗawainiya, mai binne sojoji yana ganin an raina nasa kason, kuma rundunar ba ta taɓa samun ma'aunin da zai ɗora abubuwan biyu a sikeli ɗaya ba. A watan Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewarta.

Ficewar Nijar ba labarin Borno da Diffa kaɗai ba ne. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, wani yankinta kuma shi ne tsakanin Jibiya da Maraɗi, inda makamai da shanun sata ke ƙetarawa, inda kuma dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka samu mafaka tun 2019, wanda shi ma wani nauyi ne da Nijar ta ɗauka ba a rubuta mata shi ba. A watan Satumban 2019 gwamnonin jihohin uku sun je Maraɗi sun ƙulla yarjejeniyar tsaro da gwamnanta. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da rufe iyaka da yanke wutar lantarki da barazanar yaƙi da suka biyo baya, sun zubar da yardar da ake buƙata don irin wannan aiki. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa nasu ƙawancen na Sahel, suka bar ECOWAS a Janairun 2025, sannan suka ɗora harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su don ciyar da sabon ƙawancen, irin harajin da ECOWAS ɗin da suka bari take karɓa. Ita kuwa ECOWAS ta ƙiyasta a 2024 cewa rundunar ko-ta-kwana mai dakaru 5,000 za ta ci dala biliyan 2.6 a shekara, adadin da kowa ya san idan har za a tara shi, mafi yawansa daga Abuja zai fito.

Sai dai ƙawancen da ya fi shafar mutumin kudancin Katsina shi ne tarayyar Najeriya kanta. Tsarin mulkin 1999 ya keɓe soja ga gwamnatin tarayya, sashe na 214 kuma ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta ƙasa, a kan haka da sauran ayyukanta ne tarayya ke ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Yarjejeniyar a fili take: ƙauye ya sallama haƙƙin riƙe makami, tarayya ta tsare shi. A kudurin kasafin 2025 da Shugaba Bola Tinubu ya gabatar, an ware wa tsaro naira tiriliyan 4.91, biyan bashi kuma tiriliyan 15.81, kuma shekara da shekaru abin da ƙasar ke kashewa kan soja bai kai kashi 1 cikin ɗari na arzikinta ba. Wannan ya yi kaɗan ga ƙasar da ke yaƙi a arewa maso gabas da arewa maso yamma lokaci guda. Amma duk mai neman ƙari dole ya tuna da zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na makamai da ya taso a 2015, ya kuma tuna da kuɗin tsaro da gwamnoni ke karɓa wata-wata ba tare da bayanin yadda aka kashe su ba. A Disamban 2017 gwamnoni sun amince a ciri dala biliyan 1 daga asusun rarar man fetur, kuɗin da jihohi da ƙananan hukumomi ke da haƙƙi a cikinsa, kusan rabinsa ya tafi wajen sayen jiragen yaƙi 12 na Super Tucano daga Amurka. Ke nan Matazu ma ta sa hannu a sayen jiragen.

Abin da manomin yankin ke biya bayan wannan shi ne babu littafin da ya shiga. A ƙauyen da ke nesa da sansanin soja, tsaro yana farawa ne da mai unguwa da 'yar takardarsa, yana bin gida-gida ana tara kuɗin man babur na 'yan sa-kai da albarushi da katin wayar wanda zai kira ɗauki. Mai hali ya ba da kuɗi, marar hali ya ba da mudun dawa, ko ya ba da ɗansa ya kwana a bakin gari da tocila da bindigar toka, yana fuskantar masu bindigogi masu sarrafa kansu. Inda ƙarfin gari ya gaza, sai a koma biyan 'yan bindigar kansu harajin noma, sau ɗaya kafin shuka, sau da yawa kuma a sake kafin girbi, wani wurin ma a tilasta wa mutane yi musu noma. Idan aka ɗauke mutum, shanun huɗa ne ke fara tafiya kasuwa, sai buhunan masarar da aka ajiye don bazara, sai gona ta shiga jingina, masu garkuwar kuma su ƙara da sharaɗin sabon babur. Gonar da ke gefen daji a bar ta, wanda ya saba kai masara da waken suya da auduga kasuwannin Funtuwa da Bakori da Dandume ya koma ɗan gudun hijira a kangon wani a cikin gari. Ɗaliban Kankara fiye da 300 da aka kwashe a Disamban 2020, da masu Maulidin da aka buɗe wa wuta a ƙaramar hukumar Musawa a Nuwamban 2023, da masallatan asuba da aka kashe a Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agustan 2025, su ne kason da wannan yanki ya bayar, kuma masarar da ta tsira daga gonakinsa ita ce ke ciyar da biranen da ba su taɓa jin ƙarar bindiga da dare ba. Najeriya tana ƙorafi a waje da muryar Amurka, amma a cikin gida ta bar ƙauyukan bakin daji a matsayin da Chadi ke kuka da shi.

Jihohi sun yi ƙoƙarin cike giɓin, kowace da nata. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a Oktoban 2023 da matasa kusan 1,500 a kashin farko, Zamfara ta biyo da askarawanta a Janairun 2024, Sakkwato ma ta kafa nata. Matakin ya zama dole, kuma matasan sun san daji fiye da baƙon soja, amma ma'anarsa ita ce jiha mai ƙarancin kuɗin shiga tana biyan aikin da aka riga aka ba tarayya kasonsa, da kuɗin da ya kamata ya je makaranta da asibiti da taki. Abin da ya fi wannan illa shi ne rashin daidaiton manufa. A 2019 Katsina da Zamfara sun yi sulhu da 'yan bindiga, Kaduna kuma ta tsaya kan ƙin sulhu. A Satumban 2021 aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin dabbobi a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, 'yan bindigar suka gangara inda matsin bai kai ba. Sulhun da al'ummomi suka riƙa yi a 2025, daga Jibiya da Batsari da Safana har zuwa Faskari, ba wanda ke da bakin zargin mutanen da suka gaji da jana'iza a kansa, amma a tarihin ƙawance babu abin da ake tsoro kamar aboki ya yi sulhunsa shi kaɗai, domin mayaƙin da ya daina kai hari a nan ba tare da ya ajiye makami ba, gobe yana ƙauyen da bai sa hannu ba.

A farkon Disamban 2025 gwamnonin jihohin Arewa 19 da sarakuna sun haɗu a Kaduna suka amince da kafa asusun tsaro na yanki, wanda kowace jiha da ƙananan hukumominta za su riƙa zuba naira biliyan 1 a wata, a cire daga tushe. Cirewa daga tushe dabara ce mai kyau, domin ita ce maganin ci-ma-zaune, kuma rashin irinta ne ya bar rundunonin haɗin gwiwar Afirka suna jiran alkawuran da ba a cikawa. Amma kaso ɗaya ga kowa bai dace da adalci ba. Jihar Kano da jihar Yobe ba ƙarfinsu ɗaya ba, jihar da ke zaune lafiya da wadda ke ciyar da dubban askarawa kuma ba ɗawainiyarsu ɗaya ba. Abin da ya dace shi ne a karɓa gwargwadon ƙarfi, a kashe gwargwadon barazana, a kuma lissafa wa jihohin bakin daga abin da suke riga suna kashewa. Daga shawarar Hague ma, ɓangaren kashi 1.5 ne ya fi amfani ga wannan yanki, domin motar soja da ta maƙale a taɓo a hanyar ƙauye cikin Agusta, ko garin da babu sabis ɗin da za a kira ɗauki, sun isa su mayar da jirgin dala miliyoyi abin kallo. Hanyar karkara da turken sadarwa kayan yaƙi ne, kuma asusun ya kamata ya ɗauke su haka.

Akwai kuma batun ƙananan hukumomi, wanda ya fi buƙatar a tsaya a kansa tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗinsu nasu ne a ba su kai tsaye. Idan za a yanki kason Matazu daidai da na ƙaramar hukumar da ba ta san harajin noma ba, to an sake cajin mutanen da suka riga suka biya ta asusun tarayya, suka biya ta baitulmalin jiha, suka biya ta takardar mai unguwa. Ƙananan hukumomin bakin daga sun cancanci a sauƙaƙa musu kason, a ba wakilansu da hakimansu kujera a kwamitin da zai raba kuɗin, a ware wani ɓangare tabbatacce na diyyar iyalan askarawa da 'yan sa-kai da suka rasu da maganin waɗanda suka ji rauni, sannan a riƙa buga abin da aka tara da inda ya tafi, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da Hausa, a karanta a rediyo, ta yadda mutumin Sayaya ko Karaduwa a ƙasar Matazu zai iya gwada abin da aka ce an kashe masa da abin da ya gani a bakin garinsa.